Takardar Rawaya a Tsohon Zaure

Shafi na 9

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba," na ji ku, ku sassauta min. Sau uku ina fara wannan shafin ina gogewa, don shi ne wanda ba na son rubutawa.

Wanda ya shigo yau, ga inda aka kwana. Jami'armu za ta rufe tsohon zauren lacca ta yanka shi ofis-ofis. Kafin a sa masa guduma an shirya laccocin bankwana, Alhamis biyar a jere, ni ce kuma sakatariyar kwamitin. Zaman farko tattaunawa ce tsakanin mahaifina, tsohon farfesa a sashen nazarin ruwa, da abokin aikinsa da muke kira Kawu Dogo. Shugaban kwamitinmu baƙo ne a jami'ar, bai san shekara ashirin da shida ke nan Baba bai amsa sallamar Kawu ba. Ya haɗa sunayensu a fasta ɗaya yana ta murna. Kowa ya zaci Baba zai ƙi, sai ga shi ya yarda. Ranar Lahadi kuma ya gaya min dalili: zai hau dandamali ya nuna wa duniya wanda ya tozarta shi a zauren nan.

To, bismillah.

*

Litinin da hantsi na kwashi ragowar fastocin na nufi zauren. A bakin ƙofa na tarar da ɗalibai sun yi cirko-cirko gaban allon sanarwa suna karanta jerin laccocin. Ta farko ta su Baba ce, a kan rijiyoyin birni. Sai wata a kan ko waya ta kashe karatu, wata a kan barci da jarrabawa, wata a kan yadda gada ke tsufa, ta ƙarshe kuma muhawarar ɗalibai. Na rage tafiya don in ji yabo.

"Za a raba abin sha kuwa?" in ji wata.

"Ba a rubuta ba."

"To Allah ya ba da sa'a."

Suka watse. Na ce a raina, wata uku muna zaman kwamiti, ga sakamakon.

Ina tura ƙofa ƙamshin wurin ya tarye ni, na tsohon katako da man goge daɓe. Kujerun nan masu naɗewa suna nan, har da ta layin farko da ke ƙara in an zauna. Fankar tsakiya tana nan da ƙas-ƙas ɗinta, wadda manyan baƙi da yawa suka ɗaga kai suka harara. A wurin nan na girma. Tun ina firamare, duk ranar da Baba ke da lacca a nan ake ajiye ni gefen dandamali da jakar makarantata, Kawu Dogo ya ratso ta bayan labule ya cusa min alewa a hannu ya ce, "Sarkin Tambaya, yau dai ki bar manya su yi tasu." Shi ya raɗa min sunan, don ba na barin magana ta wuce ban ce me ya sa ba. Na tsaya a tsakiyar zauren kewa ta cika min ƙirji, har na manta abin da ya kawo ni.

Sai na ji ƙarar almakashi.

Mai Zaure ne, dattijon da makullin wurin ke hannunsa tun kafin a haife ni. Yana zaune a ɗan teburinsa na gefen dandamali yana yanka takardu.

"Malam, barka da hantsi."

"A'a! Dakta da kanta? Yau liƙa fasta ya kai ga manya?"

"Masu liƙawar sun ce suna da aji."

"Ke ma haka kike cewa a da, in an aike ki."

Na yi dariya na ja kujera. A gabansa akwai tsibi biyu, ɗaya na farin kwali, ɗaya na takarda rawaya, kowace kamar faɗin tafin hannu.

"Har yanzu kana wannan yankan? Shugaban kwamiti ya ce ta waya za a turo tambayoyi."

"Ya turo ta wayarsa. Muddin makullin nan yana aljihuna, a zauren nan da takarda ake tambaya."

Bari in yi wa yaran yanzu bayani. A zauren nan ba a ɗaga hannu. In mai lacca ya kusa gamawa, Mai Zaure zai bi layi-layi da kwandonsa yana raba takarda, kowa ya rubuta tambayarsa ba tare da suna ba. Layi biyun gaba, na manyan malamai da baƙi, farin kwali ake ba su. Ɗalibai kuma rawaya. Shugaban zama dole ya zaɓi farare uku da rawaya uku ya karanta. Baba ne da kansa ya kawo wannan tsarin, don a da manya ke cinye lokacin duka, ɗalibi ya koma ɗaki da tambayarsa a ciki.

Mai Zaure ya ci gaba da yanka bai dube ni ba.

"Na ji Farfesa ya yarda zai zo."

"Ya yarda."

"Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya yi rantsuwa ba zai sake taka zauren nan ba? Me ya ce miki?"

Na sunkuya ina gyara fastocin da ke hannuna.

"'Yar nan, ni na goya ki ranar da kika yi barci a bayan labulen can. Gaya min."

"Cewa ya yi zai kira sunan Kawu a gaban kowa. Zai ce shi ya rubuta tambayar nan da ta tozarta shi."

Almakashin ya tsaya. Ya ajiye shi a hankali, ya kakkaɓe gutsattsarin takarda daga rigarsa, ya miƙe.

"Biyo ni."

Akwai wani ɗan ɗaki a bayan dandamali da na daɗe ina zaton na tsintsiya da bokiti ne. Ya buɗe ya kunna fitila. Kwalaye ne jere daga ƙasa har rufi, kowanne cike da ambulan, kowace ambulan da kwanan wata a jikinta.

"Mene ne wannan, Malam?"

"Tambayoyi."

"Na wa?"

"Na kowa. Shida ake karantawa, sauran a ce in zubar. Ni kuwa ba na zubar da rubutun mutum. Mutum ya zauna ya matse ƙwaƙwalwarsa, ni in kai bola? Shekara arba'in da ɗaya ke nan a ɗakin nan. Sun ce in kwashe kafin ƙarshen wata."

Bai yi lalube ba. Ya miƙa hannu can sama, ya zaro ambulan ɗaya da ta yi ruwan ƙasa don tsufa. Ina ganin kwanan watan na gane ranar.

Ranar nan ina da shekara goma sha tara, ina ajin farko a jami'ar. Baba ya gabatar da aikin shekara goma da suka yi shi da Kawu, na auna ruwan rijiyoyi. Zauren ya cika har mutane na zaune a kan matakala. Ya yi magana awa ɗaya ba ko tari, ana ta tafi. Shugaban zama ya karanta tambaya huɗu, Baba ya amsa su yana wasa da dariya. Sai ya buɗe ta biyar, ya karanta kafin ya lura da abin da ke ciki: "Farfesa, a shekara ta bakwai firij ya lalace, kwalaben ruwan duk suka ɓaci. Daga ina alƙaluman shekarar suka fito?"

Baba ya tsaya. Ban taɓa ganin an tambaye shi ya rasa amsa ba sai ranar. Fankar nan kawai ake ji. Ya buɗe baki ya rufe, ya dubi layin gaba inda Kawu ke zaune, ya tattara takardunsa ya fita ta ƙofar gefe. Gaskiyar maganar, ya cike gurbin shekarar da ƙiyasi ne bai rubuta cewa ƙiyasi ba ne, kuma sun sha gardama da Kawu a kan haka a falonmu. Daga baya jami'a ta bincika, aka ce kuskure ne ba ha'inci ba, aka sa ya gyara. Amma Baba bai sake lacca a bainar jama'a ba. Da yamman nan Kawu ya zo gida ya yi sallama sau uku a ƙofa, Baba yana zaune bai amsa ba.

Mai Zaure ya zazzage ambulan a kan kwali. Takardu suka zubo, farare da rawaya. Ya ɗauki ɗaya da aka maƙala wa allura, ya miƙo min.

Rawaya ce.

Ban karɓa ba.

"Karɓi mana, Dakta."

"Me zan yi da ita?"

"Layi na sha ɗaya, kujera ta huɗu daga bango. Mai zama a wurin ta ninke ta sau huɗu, ta cusa ta can ƙasan kwando don kada in gani."

Na zauna a kan wani kwali ban ma duba ko zai ɗauke ni ba.

"Malam..."

"Ni layi-layi nake karɓa, 'yar nan. Na san hannun da ya saka kowace takarda. Wannan kuwa naki ne ya saka ta."

To, ga shi na faɗa. Masu zagin Kawu Dogo a ƙarƙashin shafi na huɗu da na bakwai, ku janye. Ni ce.

Ni nake buga wa Baba takardunsa a tafireta, don haka na ga alƙaluman, na kuma ji gardamarsu. Sau uku ina tambayarsa a gida. Na farko ya ce in buga abin da aka ba ni. Na biyu ya ce yana sauri. Na uku ya yi dariya ya ce, "Sarkin Tambaya, yanzu ke ɗaliba ce. Mai tambaya ya zo zaure ya rubuta kamar kowa." Ni kuma da wautar ƙuruciya na ɗauka da gaske yake. Wallahi na yi imani yana da amsa. A idona babu tambayar da Baba bai da amsarta. Na zaci zai yi murmushi ya warware ta, zaure ya ɗauki tafi, in muka koma gida in ce masa ni ce, ya ja min kunne. Da na ga ya fita ta ƙofar gefe, sai tsoro ya rufe min baki. Na ce gobe zan faɗa. Goben ce har yau.

Duk wannan na zayyana wa Mai Zaure ina kuka, hawaye da majina, ni da ɗalibai ke miƙewa in na shiga aji. Ya bar ni na gama.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani, shekara ashirin da shida, ba ka faɗa ba?"

"An hana ni."

"Wa ya hana ka?"

"Wanda aka ɗora wa laifin."

Na ɗago kai.

"Kawu?"

"Washegari da sassafe ya zo, ko shara ban gama ba. Idonsa ja wur. Ya ce in nuna masa takardar, yana so ya kai wa Farfesa ya wanke kansa. Na ce ai ma ba sai an duba rubutu ba, launi kaɗai ya isa, kai farin kwali na ba ka. Ya yi murna har da rungume ni. Na ɗauko na ba shi."

"Sai me?"

"Sai ya karanta. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya zauna a kan kwalin nan da kike zaune."

"Ya gane?"

"Cewa ya yi, 'Ni na riƙe hannun nan na koya masa rubutu, ta yaya ba zan gane ba?'"

Na toshe bakina da mayafi.

"Na ce masa, to Dakta, sai a kai wa Farfesa. Ya ce a'a. Ya ce ya san abokinsa, in ransa ya ɓaci ba ya ganin gabansa. In ya ji 'yarsa ce, zai cire ki daga makaranta, ƙila ma ya daina kallonki. Ya ce, 'Mai Zaure, ana rasa aboki a rayu. Ita fa, in ta rasa uba tana da shekara sha tara?'"

"Ya Allah."

"Ya ce in mayar in ajiye. Wai Farfesa zai huce cikin wata biyu, su shirya, magana ta mutu."

"Wata biyu."

"Haka ya lissafa. Masu auna ruwa ma suna kuskuren lissafi."

Abubuwa suka riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na kammala digiri, na hango Kawu can bayan rumfa shi kaɗai, ya ɗaga min hannu, na kau da kai don kada Baba ya gani. Ranar rasuwar Mama ya zo gaisuwa, ya durƙusa gaban Baba ya yi sallama, Baba ya juya ya ci gaba da magana da na kusa da shi. Ni na raka Kawu bakin ƙofa ranar. Ya dube ni ya ce, "Sarkin Tambaya, ki riƙe ubanki da kyau." Ashe duk lokacin nan ya sani. Ni ina tausayinsa a ɓoye ina ganin na iya rufa asiri, ashe shi ke rufa min. Kunya irin ta ranar nan ban taɓa jin ta ba.

"To me ya sa yau, Malam? Me ya sa ka nuna min yau?"

"Sharaɗinsa ke nan. Ya ce kada in ba ki sai ranar da ya mutu ko ranar da za a rufe zaure, duk wadda ta riga. Ya zaci shi zai riga."

"Ya san abin da Baba ke shirin yi ranar Alhamis?"

"Ya sani. Ai ya fi ki sanin ubanki."

"Shi ne ya yarda zai zo?"

"Shekaranjiya ya kira ni. Ya ce in Farfesa ya nuna shi, zai miƙe ya ce haka ne, shi ya rubuta, ya nemi gafara."

"Ya amsa laifin da bai yi ba? A gaban ɗalibai?"

"Ya ce in dai hakan zai sa abokinsa ya amsa masa sallama sau ɗaya kafin a kai ɗayansu, ya yarda. Kin dai san jikinsa. Bara ya kwanta asibiti sau biyu. Yanzu sai da sanda."

Na miƙe tsaye, raina ya ɓaci, ban ma san da wa nake fushi ba.

"Ba zai yiwu ba! Zan soke zaman. Zan ce an sami matsalar lasifika, ko in ce rufin yana yoyo."

"Rufina ba ya yoyo."

"To in ce Baba ba shi da lafiya."

"Ƙarya a kan ƙarya? Dakta, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kin soke zama, sai me? Farfesa ya koma gida da ƙullinsa, Dogo ya koma da sandarsa. Kwana nawa kike zaton ya rage musu?"

"Malam, Baba ya kusa tamanin. In ya ji ni ce, zuciyarsa..."

"Wannan uzurin kike ba kanki tun yana da hamsin."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Na karɓi takardar daga hannunsa na buɗe. Rubutuna ne, manya-manya, mai karkata hagu, na yarinyar da ta ɗauka duniya duk amsa ce.

"Ka ba ni zuwa Laraba," na ce, ina mayar da ita yadda take a ninke. "Zan sami lokacin da ya dace, in zaunar da shi a gida."

Mai Zaure ya dubi agogon hannunsa.

"Yau wace rana?"

"Litinin."

"Laccar kuma yaushe?"

"Alhamis."

"Kwana nawa ke nan?"

"Uku. Malam, me ya kawo..."

Ban ƙarasa ba na tuna. Al'adar Baba ce tun yana saurayi. Duk laccar da zai yi, saura kwana uku sai ya zo zauren kafin azahar, ya hau dandamali ya auna shi da ƙafa, ya gwada muryarsa a kan kujeru wayam. Shi da Kawu suke zuwa tare, ɗaya ya yi magana, ɗaya ya zauna layin ƙarshe ya ce ana ji ko ba a ji.

"Ka san zai zo!"

"Ni dai na san mutanena."

"Da gangan ka yi min haka."

"Ni mai yankan takarda ne, Dakta. Ina ni ina gangan?"

Sai muka ji ƙofar gaba ta yi ƙara.

Na leƙa ta gefen labule. Baba ne, da farar rigarsa da tsohuwar jakar fatarsa da ya daina ɗauka tun ranar nan. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon zauren. Ya ɗaga kai ya dubi fankar, na ga ya yi ɗan murmushi. Ya gangaro a hankali yana shafa bayan kujeru da hannu, layi bayan layi. Da ya zo matakalar dandamali ya hau ba tare da ya dafa komai ba, ya taka daga wannan gefe zuwa wancan yana ƙirgawa a ƙasan maƙoshi.

"Goma sha huɗu," ya ce shi kaɗai. "A da goma sha ɗaya ne."

Ya juya ya fuskanci kujerun, ya gyara murya.

"Ana ji a baya?"

Babu wanda ya amsa. Ya tsaya yana kallon layin ƙarshe, sai na ga murmushin ya gushe. Na ji kamar in nutse a wurin.

Mai Zaure ya ɗaga labule ya fita.

"Ana ji, ranka ya daɗe. Barka da dawowa."

"Mai Zaure! Kana nan ba ka mutu ba?"

"Ina jiran ka gama laccar da ka bari a tsakiya."

Baba ya yi dariya, suka riƙe hannun juna suka daɗe ba su saki ba. Ya tambayi iyali, ya tambayi ƙafar da ke damunsa. Sannan muryarsa ta sauya.

"Har yanzu kana tara sharar nan taka?"

"Ba shara ba ce, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ita ta kawo ni. Ina son takardar ranar nan."

"Wace rana?"

"Kada ka raina min hankali. Ina so in ɗaga ta sama ranar Alhamis kowa ya gani. Na san rubutunsa kamar yunwar cikina. In ya isa ya musa."

"Shekara ashirin da shida ba ka nema ba, ranka ya daɗe."

"Ban buƙaci shaida ba. Mu biyu kaɗai muka san maganar firij. Yanzu don jama'a nake so."

"Ba ta hannuna."

"Ka ce ba ka zubar da rubutu."

"Ban zubar ba. Na ce ba ta hannuna."

Ya faɗi haka ya juyo ya dubi labulen.

Akwai ƙofar gefe a bayana, wadda Baba ya bi ranar nan. Taku uku ne tsakanina da ita. Ba zan ɓoye muku ba, na dube ta. Na ma sa hannu a mariƙinta. Sai na tuna mutumin da ya ɗaga min hannu daga bayan rumfa na kau da kai.

Na saki mariƙin na fito.

"A'a, Sarkin Tambaya, ke ma kina nan?" in ji Baba. "Me ya sami idonki?"

Na taka har gabansa, na durƙusa, na miƙa masa da hannu biyu.

Ya karɓa. Bai buɗe ba tukuna. Ya juya ta gaba da baya.

"Wannan ai rawaya ce."

"E, Baba."

"Rawaya ta ɗalibai ce." Ya dubi Mai Zaure. "Ka yi kuskuren ambulan. Shi a layin farko ya zauna, a gabana. Farin kwali ka ba shi."

"Farin kwali na ba shi, ranka ya daɗe. Bai ma rubuta komai a kai ba."

Baba ya sake duban takardar. Ya laluba aljihu ya ciro tabarau ya saka. Ya warware ninkin farko, na biyu, na uku, na huɗu. Na ga idonsa ya bi layin farko, ya koma ya sake bi. Mutumin da ya sa hannu a kowace takardar sakamakona tun daga aji ɗaya, ba sai an gaya masa ba.

Amma na faɗa, don na gaji da barin wasu su ɗauke min.

"Ni ce, Baba. Kawu ya sani tun washegari. Shi ya hana a gaya maka."

Bai dube ni ba. Ya tsaya a daidai wurin da ya tsaya ranar nan, takarda a hannu, ya buɗe baki ya rufe. Fankar nan kawai ake ji.

Sai ga wata ƙara daga bayan zaure. Ƙwas. Ƙwas. Sanda ce a kan daɓen katako.

Na juya. Wani dogon tsoho ne ya shigo, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Shi ma bai manta al'adar kwana uku ba. Ya dafa kujerar layin ƙarshe, wurin zamansa na da, yana mayar da numfashi. Ya hango Baba a kan dandamali, ya hango ni a durƙushe, ya hango abin da ke hannun Baba. Na ga kafaɗunsa sun sauka.

Duk da haka ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda za a ji a gaba.

"Salamu alaikum."

Baba ya cire tabarau. Ya dubi takardar, ya ɗago ya dubi Kawu.

Mu uku muka zuba wa Baba ido, muna jiran mu ji ko zai amsa.